Tambaya da Amsa: "Hajiyarmu ta faɗi sau biyu, ta ce tsautsayi ne ba inda za ta"

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon yawancin saƙonnin da suka shigo a kan abu ɗaya suke, faɗuwar iyayenmu da kakanninmu da karayar da ke biyo baya, shi ya sa na ce bari in haɗa su waje guda. Na ɗan rage tsawon wasu kuma kamar kullum na cire sunaye. Ni dai aikina gashin ƙashi ne a asibiti, kuma yawancin tsofaffin da ake turo mana sai an karye ake kawo su, idan ka zauna da iyalan kana tambaya sai ka ji an ce ai kwanakin baya ma ta taɓa faɗuwa, kawai ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

Daga wata 'yar'uwa a Kano:
"Salam Anti. Dan Allah shawara nake nema, Hajiyarmu ce shekararta 74, cikin wata uku ta faɗi sau biyu, na farko a banɗaki tana alwala, na biyu a tsakar gida ta taso daga kan tabarma kawai sai gani muka yi ta zube. Alhamdulillah ba ta karye ba sai gwiwa da ta ɗan kumbura muka shafa mata man zafi. Na ce mu je asibiti ta ce ita lafiyarta ƙalau tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, yayyena ma sun ce tsufa ne in ƙyale ta. Wai akwai abin da asibiti za su yi wa wanda bai karye ba?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Akwai mana, akwai sosai ma, kuma yanzu ne zuwan ya fi amfani tun ƙashi bai taɓu ba. Kin ga faɗuwa sau biyu cikin wata uku, a wurinmu ma'aikatan lafiya alama ce kamar zazzaɓi, tana nuna akwai wani abu a ƙasa da ya kamata a nemo. Musamman ta biyun nan da kika ce ta taso daga tabarma ta zube ba tuntuɓe ba santsi, wannan ta fi tsaya min a rai.

Tsufa shi kaɗai ba ya kada mutum, ai muna ganin masu shekara 80 suna takawa masallaci da ƙafarsu sau biyar a rana. Abubuwan da ke zuwa tare da tsufan ne ke kayarwa, ido ya rage gani, cinya ta rage ƙarfi, ƙafa ta daina jin ƙasa saboda suga, magani ya yi yawa, jini ya sauka idan an miƙe, kuma kusan kowanne a cikinsu ana iya yin wani abu a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 684,000 ne ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, in ban da hatsarin mota babu wani hatsari da ya kai shi kisa, waɗanda suka haura 60 su ne kan gaba, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe irin namu marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke faruwa. A cikin masu shekara 65 zuwa sama kusan mutum 1 cikin 3 yana faɗuwa a shekara. To abin da ya kai haka bai kamata a ce in ƙyale ta ba.

Ranar da za ku je, ki samu leda ki tattara duk wani magani da Hajiya ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya da na Islamiyya har wanda maƙwabciya ta ba ta ta ce yana yi mata aiki, ki tafi da su gaba ɗaya da kwalayensu. Kar ki ce za ki riƙe sunayen a ka. Da kun shiga ki fara da gaya wa likita cewa Hajiya ta faɗi sau biyu cikin wata uku, ki faɗe shi da bakinki, don na san halin iyayenmu, Hajiya za ta zauna ta ce ba komai ɗan ciwon gwiwa ne, likita kuma ga layi a waje sai ya rubuta maganin gwiwa ku fito.

Ki roƙa a auna jininta sau biyu, ɗaya tana kwance bayan ta huta kamar minti biyar, ɗaya kuma bayan ta miƙe tsaye. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa ta sauka da 10 cikin minti uku da miƙewa, to an kama ɓarawo ɗaya, jinin ne ba ya isa kai da wuri idan ta tashi. Awon nan ba ya buƙatar wata na'ura ta musamman, abin awon jinin da ke kan tebur ne, kawai dai ba a cika yi ba sai an tambaya. A duba bugun zuciya ko yana tsalle-tsalle, a duba suga, a duba ko jininta ya yi ƙasa, a cire mata takalmi a taɓa tafin ƙafa a ji ko tana ji. Sai wani gwaji da muke yi a sashenmu wanda ke ma za ki iya yi a gida, ta zauna a kujera mai jingina, ki auna mita 3 ki sa alama, ki ce ta tashi ta taka zuwa alamar yadda ta saba tafiya ta juyo ta zauna, ke kuma kina kallon agogon waya kina kusa da ita. Idan ta kai daƙiƙa 12 ko ta wuce, tana cikin waɗanda ake ji wa tsoron faɗuwa, ki nemi a tura ku wajen masu gashin ƙashi.

Ido kuma kar a manta. Yanar ido tana zuwa a hankali ne har mutum bai san ya daina ganin bakin dakali ba, aikinta kuma ba ya ɗaukar lokaci, ana yi a asibitocin ido da dama a Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Zan ba ki labarin kakata, Allah ya ji ƙanta. Lokacin ina makaranta na zo hutu na lura idan za ta fita daga ɗaki sai ta dafa gado, ta dafa kwabar kwanuka, ta dafa ƙyaure, sannan ta bi bango da tafin hannu har makewayi, har wurin da take dafawa a bangon ya yi duhu ya yi sumul saboda man hannunta. Duk gidan muna gani, muna cewa Allah sarki Inna tsufa ya zo. Ashe yana ce ta rufe mata ido ɗaya gaba ɗaya ɗayan ma saura kaɗan, ba mu sani ba sai ranar da ta taka bakin kwata da asuba ta karya ƙugu. Har yau idan na shiga gida na ga irin wannan sawun hannun a bango sai gabana ya faɗi. Ki duba bangonku.

Maganar tsautsayi kuwa kar ki yi musu da Hajiya, gaskiya ta faɗa, komai da ƙaddararsa. Amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ki lallaɓa ta, ki ce awon jini kawai za a je, in akwai wanda take jin maganarsa a cikin yayyenki ko ƙannenta ki fara shawo kansa.

Daga wani bawan Allah a Gusau:
"Malama barka da aiki. Mahaifina yana shan maganin hawan jini shekara shida, yanzu idan ya tashi sallar asuba sai jiri ya ɗebe shi sai ya dafa bango. Da dare kuma yana fita fitsari sau huɗu ko biyar, ga rashin barci har wani mai kemis ya ba shi ƙwaya 'yar ƙarama yake sha. In ce ya ajiye maganin hawan jinin?"

A'a ɗan'uwa, kar ka ce ya ajiye. Barin maganin hawan jini haka kawai yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, ka ga an gudu ba a tsira ba. Abin yi shi ne a koma wajen likitan da maganin a hannu, a gaya masa maganar jirin. Jikin Baba na yau ba shi ne na shekara shida da suka wuce ba, wataƙila ya rame, wataƙila ƙoda ta rage aiki, adadin da ya yi masa daidai a da yanzu ya yi masa yawa. Wasu magungunan kuma masu sa fitsari ne irin su Lasix da Moduretic, idan ana shan su da yamma dole a kwana ana zarya, sau da yawa mayar da su safe kawai yana rage abin, amma likita ne zai ce a mayar. Yawan fitsarin dare a namiji mai shekaru yana iya zama suga ko kumburin nan da ke matse wa maza hanyar fitsari, duk a duba.

Ƙwayar kemis ɗin nan ita ta fi damuna. Idan diazepam ce da mutane ke cewa baliyam, ko amitriptyline, ko ma firiton da ake ganin ba komai ba ne, duk suna daɗewa a jikin tsoho, ya tashi da asuba ido a buɗe amma ƙafa ba ta gama farkawa ba. Ka ɗauki fallen ka kai wa likita ya gani. In ya daɗe yana sha kullum ba a yankewa rana ɗaya, a hankali ake ragewa.

Kafin ku je asibitin, Baba ya riƙa tashi daki-daki, ya farka ya zauna a bakin gado, ya karanta addu'ar tashi daga barci yana motsa ƙafafu, ya yi kamar minti ɗaya ko biyu sannan ya miƙe, ya ɗan tsaya kafin ya taka. A ajiye masa tocila a gefen matashi, ko fitilar sola a bar ta a kunne a hanyar makewayi, in makewayin da nisa a ajiye masa abin fitsari a ɗaki da dare, ba abin kunya ba ne. Kuma ya sha ruwa da rana, tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba ga zafin garinku. Idan azumi ya kusa ku tambayi likita tun da wuri yadda za a tsara shan maganin.

Daga wata uwargida a Katsina:
"Anti muna cikin tashin hankali. Surukata ta zame a kan tayil kwana huɗu ke nan, ba ta iya taka ƙafar dama, ƙafar ta juya waje kuma kamar ta fi ɗayar gajarta. An kira mai ɗori ya ɗaure cinyar da karare ya ce sati shida za ta tashi. Maigidana yana so a kai ta asibiti amma 'yan'uwansa sun ce asibiti yanke ƙafa suke, kuma wai ta tsufa da tiyata. Ni suruka ce ba ni da baki sosai, me zan ce musu?"

Innalillahi, sannunku. Yaya ki nuna wa maigidan wannan amsar yau ɗin nan, kar a kai gobe. Ƙafa ta gajarce, ta kwanta waje, ba a iya takawa, waɗannan su ne alamun karayar ƙugu, wato wuyan ƙashin cinya can sama inda yake shiga kwankwaso. Ba zan tabbatar ba sai an yi hoto, amma abin da kika kwatanta shi ne.

Ni ba na raina masu ɗori, sun daɗe suna yi wa jama'a hidima tun kafin asibiti ya zo garuruwanmu. Sai dai wannan karayar tana can ciki ne ƙarƙashin tsoka mai kauri, kara da tsumma da aka ɗaura a cinya ba sa kaiwa wurin balle su riƙe shi. Kuma kan ƙashin nan jijiyoyin da ke kai masa jini ta wuyan suke bi, idan wuyan ya karye ya goce sau da yawa jinin ya yanke ke nan, ko shekara za a yi a kwance ba zai haɗe ba. Shi ya sa ake tiyata, ko a sa ƙarfe a riƙe, ko a cire kan a sa na ƙarfe.

Masu cewa ta tsufa da tiyata, don Allah ki gaya musu cikin ladabi cewa kwanciyar ce ta fi tiyatar hatsari. Tsohuwa ta yi sati shida a kan katifa ba ta juyawa, bayanta zai fara gyambo, majina ta taru a huhu ta zama nimoniya, jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya iya tafiya huhu, ciwon fitsari ya shiga, abinci ya fita a ranta, ta fara ruɗewa. Waɗannan su ne ke tafiya da mutum ba karayar kanta ba. Ko a ƙasashen da asibiti ya wadata, cikin tsofaffin da suka karya ƙugu kamar mutum 1 cikin 4 ko 5 ba ya cika shekara, shi ya sa ƙa'idar da ake bi ita ce a yi aikin cikin kwana ɗaya zuwa biyu, washegari kuma mu masu gashi mu zo mu zaunar da ita mu fara tsayar da ita. Kwana huɗu sun wuce amma ba a makara ba, kowace rana da aka ƙara dai tana da nata nauyin.

Zancen yanke ƙafa kuma bari in faɗi yadda abin yake. Sau da yawa ƙafa ko hannun da ake yankewa bayan karaya, an kawo su ne sun riga sun mutu, an ɗaure tamau jini ya daina wucewa, yatsu suka yi baƙi suka fara wari sannan aka taho asibiti, mutanen gari kuma abin da za su gani kawai an tafi da ƙafa an dawo babu. Yanzu haka ki je ki duba yatsun ƙafarta, in sun yi sanyi ko sun canza launi ko ta ce ba ta jin su, a sassauta ɗaurin nan take. Ku ɗauke ta a kwance, kar a sa ta gwada takawa, ku nufi babban asibitin da ke da likitan ƙashi, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda tun 1959 aikinsa ke nan. Ku tafi da magungunanta. Kuɗin aikin ba kaɗan ba ne wannan ba zan ɓoye miki ba, amma a je a yi hoton a ji daga bakin likita, dangi su zauna su san abin da ke gabansu.

Ke kuma da kika ce ba ki da baki, ki nemi babbar 'yarta mace ki keɓe da ita, yawanci su ke jinya su suka san wahalar juya mara lafiya.

Daga wata baiwar Allah a Damagaram:
"Hajiya ina wuni. Ni shekarata 58, bara na yi tuntuɓe da turmi na dafa ƙasa sai wuyan hannu ya karye, aka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, a likita aka ɗaure ya warke. Amma ɗiyata ta ce na rage tsawo kuma bayana yana ciwo. Na daɗe ina shan wani magani na sanyin ƙashi da ke sa ni jin daɗin jiki har na yi ƙiba. Akwai matsala?"

Lafiya lau Hajiya, ya mutanen Damagaram. E akwai abin dubawa. Ƙashi mai lafiya bai kamata ya karye don mutum ya faɗi daga tsayuwarsa ba, idan hakan ta faru bayan shekara 50 muna zargin zaizayewar ƙashi, wato cikinsa ya zama kamar itacen da gara ta ci, a waje lafiya ƙalau a ciki rami-rami, kuma ba ya ciwo sai ranar da ya karye. Mata ya fi kamawa bayan al'ada ta ɗauke, don sinadarin da ke tsare musu ƙashi yana raguwa a lokacin. Ƙiyasin da ake yi a duniya shi ne mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura 50 za su gamu da irin wannan karayar. Rage tsawo da ciwon bayan nan yana iya zama ƙasusuwan gadon baya ne ke lotsawa, a yi hoton bayan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne a ɗaure hannu ya warke a sallami mutum ba wanda ya ce me ya sa ya karye, alhali karayar farko ita ce gargaɗin ta biyu, ta biyun kuma sau da yawa ƙugu ce. A birnin Gilasgo na Birtaniya tun 1999 suka fara wani tsari, duk wanda ya haura 50 ya zo da irin wannan karayar akwai ma'aikaciyar jinya da aikinta kawai ta bi shi a auna ƙarfin ƙashinsa a sa shi a magani, ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Mu tunda ba mu da mai bin mu, ke za ki koma ki ce lokotoro ina so a duba ƙarfin ƙashina. Akwai na'urar da ke aunawa ana ce mata DEXA, ba kowane asibiti ke da ita ba, amma ko babu ita likita yana iya yanke shawara daga tarihinki. Akwai magani irin alendronate da ake sha sau ɗaya a sati da safe kafin a ci komai, da ruwa cikin kofi, a zauna a miƙe minti 30 ba a kwanta ba, likita ne zai ga ko ya dace da ke.

Maganin nan mai sa jin daɗin jiki da ƙiba, ki duba jikinsa ko an rubuta dexamethasone ko prednisolone. Idan shi ne to yana cikin manyan masu cinye ƙashi, yana kuma tayar da suga da hawan jini. Amma ki ji ni da kyau, wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa rana ɗaya, yana da hatsari sosai, likita ne zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan.

Abinci kuma Allah ya hore muku, nono da kindirmo da cuku, zogale, miyar kuka, riɗi, wake, ƙananan kifin da ake ci har ƙaya. Ki riƙa ɗan zama a hantsi rana tana taɓa hannu da ƙafa ko a cikin gida ne, ana iya zama a garin rana amma a wuni a ɗaki jiki bai samu ba.

Daga wani matashi a Zariya:
"Anti kakana ya ƙi riƙe sanda, wai shi ba tsoho ba ne, alhali gwiwarsa ta hagu ta gama lalacewa. Ya zan yi?"

Ƙanina kar ka kawo masa ta asibiti ka ce ga shi likita ya ce. Ka samo mai kyau irin ta dattawa ka kai masa a matsayin tsaraba, ka tuna masa Annabi Musa alaihissalam da aka tambaye shi me ke hannunsa ya ce sandata ce ina dogara a kanta, yana cikin Suratu Ɗaha. Tsawonta ya zo daidai wuyan hannunsa idan ya tsaya da takalmi hannu a sake, a sa mata roba a ƙasa. Tunda hagu ce mai ciwo a hannun dama zai riƙe, sandar da ƙafar hagu su tafi tare, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ka duba takalminsa ma, silifas ɗin da ƙasansa ya suɗe a canza masa da mai riƙe dunduniya, babbar riga kuma ya riƙa tattare ta in zai hau mataki.

Daga wata 'yar'uwa a Kumasi:
"Tun da Mama ta faɗi bara muka hana ta komai, ko buta jikoki ke kai mata, wuni take a ɗaki, sallah ma a zaune. Yanzu ko tashi daga kujera sai an kama ta. Mun yi daidai?"

Na san ƙauna ce ta sa, Allah ya saka muku. Amma gaskiya hanawar ta ƙara raunana ta. Tsoka idan ba a aiki da ita zubewa take, kuma ta tsoho ta fi saurin zubewa, an taɓa gwadawa a Amurka a 2007 aka kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 kacal, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. To ina ga shekara. Ga tsoro kuma, wanda ya taɓa faɗuwa yana takawa a ɗarare jiki a sandare, hakan ma kayarwa yake.

A duk abubuwan da aka gwada na hana faɗuwa, motsa jiki mai ƙarfafa ƙafa da koyar da tsayuwa daram yana cikin waɗanda suka fi tabbata, idan aka haɗa binciken da aka yi yana rage faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai wani tsari da aka fito da shi a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan musamman don tsofaffi su yi a gida, masu gashi sun san shi, ku kai Mama a auna ta a tsara mata nata. Kafin nan ku fara da abu mai sauƙi, kujera mai ƙwari a jingine da bango, ta tashi ta zauna sau biyar safe da yamma wani yana gefenta, ko da dafawa ne da farko, a riƙa ƙarawa. Ta dafa taga ta ɗaga dunduniya ta sauke, ta taka gefe-gefe tana bin bango. Ku mayar mata da ƙananan ayyukanta, tsince shinkafa, gyaran zogale, ta taka zuwa ƙofar gida ta gaisa da maƙwabta. In ta ji jiri ko ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe a tsaya a kai ta asibiti.

Sallah a zaune halas ce ga wanda ba zai iya tsayuwa ba, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya faɗa ƙarara, kar a takura mata. Sai dai na sha ganin tsohuwar da abin da ya sa ta dage da motsa jikin shi ne burin ta sake yin ko raka'a biyu a tsaye, ki tambaye ta ko tana da wannan burin.

Gidan ma a gyara mata shi maimakon a tsare ta. A kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, a sa kujerar roba mai ƙwari ta wanka da alwala, in masai na tsuguno ne a samo kujera mai rami a ɗora a kai, a ɗauke ledar ɗakin da bakinta ya naɗe da wayar caji da ke ratsa hanya, gansakukar da ke fitowa a tsakar gida da damina a kankare ta.

Daga wani malamin makaranta a wani ƙauye a Jigawa:
"Mu nan ba mu da likita sai ƙaramin asibiti da ma'aikaci ɗaya. Kuma jiya mahaifiyata ta faɗi ta bugi kai da murhu, ta tashi ta ce ba komai."

Malam mu fara da na jiyan. A sa mata ido sosai, kar ta kwana ita kaɗai. In ta yi amai, ko ciwon kai ya ƙi sauka, ko barci ya yi yawa, ko magana ta canza, ko wani gefen jiki ya rasa ƙarfi, a nufi babban asibiti ba jira. In ta suma lokacin faɗuwar, ko tana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko clopidogrel, a kai ta yau ko ba ta nuna komai ba, in asfirin take sha shi ma a gaya wa ma'aikacin. Kuma ka riƙe wannan, a tsofaffi jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali, sai bayan sati uku ko wata biyu a ga mutum ya fara mantuwa ko jan ƙafa ko sambatu, a ce rikicin tsufa ne ko an yi masa asiri, alhali abu ne da ake aiki a zuƙe mutum ya dawo hayyacinsa. Ka rubuta ranar da ta faɗi a wani wuri.

Ma'aikacin nan ɗaya kuma kar ka raina abin da zai iya. Awon jini a kwance da a tsaye, awon suga, duba ledar magani, gwajin mita 3, rufe ido ɗaya a ga ko tana ƙirga yatsu daga nesa, duk zai iya, sannan ya rubuta muku takardar turawa. Ka tambaye shi maganar rajistar inshorar lafiya, dokar inshora ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da aka yi wa tanadi, kuma ta ƙananan asibitoci irin naku ake yawan yin rajistar, ka je da katin shaidarta ka ji ko akwai gurbi. Tunda kai malami ne ana jin maganarka, ka roƙi ma'aikacin duk tsohon da ya zo ko da zazzaɓi ne ya ƙara masa tambaya uku, ka faɗi a bana, kana jin kamar za ka faɗi in kana tafiya, kana tsoron faɗuwa. Wanda ya ce e a ɗaya a zaunar da shi a duba.

'Yar'uwata ta Kano, in kun dawo daga asibitin ki rubuto min lambobin awon nan biyu da daƙiƙa nawa Hajiya ta yi, da sunayen abin da ke cikin ledar.